Yadda tarin makullaina ya kusa kashe motar Baba, da ni a ciki

1/
Zare ne, kuma yana da ɗan tsawo. Wata uku na yi ina zargin batir, ina zargin mai, har maƙiya na zarga. Ashe abin da ke kashe mini mota a tsakiyar titi yana nan yana lilo a saman gwiwata kullum. In kana tuƙa tsohuwar mota, daure ka karanta har ƙarshe.

2/
Motar akori-kura ce, Peugeot 504, wadda kowa ke cewa Fijo. Haɗin Kaduna. Ta girme ni. Baba ya saye ta na hannu tun kafin a haife ni, da ita ya ciyar da mu, da ita ya biya mini makaranta har na gama difloma. A gidanmu ba a ce mata mota, "tsohuwa" ake ce mata.

3/
Bara yanar ido ta hana Baba tuƙi. Ranar da ya miƙo mini makullin, guda ɗaya ne tal, a jikin wata 'yar igiyar fata da ta yi baƙi don daɗewa. Ya ce, "Ka bar shi yadda ka gan shi." Na ce, "To Baba." A raina kuwa na ce tsofaffi dai da camfi.

4/
Ko sati ba a yi ba na cire igiyar na haɗa shi da nawa. Makullin ɗaki, na shagon cajin waya, na kwaɗo biyu, abin yankan farce, 'yar tocila, da wani ƙarfe mai tambarin ƙungiyar ƙwallon da nake goyon baya. In na ajiye su a tebur sai ka ɗauka sarƙa aka yar.

5/
Ban tsaya nan ba. Na sa rediyo mai ƙarfi, caja mai baki uku, da ƙarin fitilu biyu a gaba. Wani yaro a bakin titi ya jona mini su duka a wayar da ke fitowa daga suwic, ba fiyus ba komai, ya naɗe da salatif. Na biya shi har da ihisani, ina jin na waye.

6/
Aikinmu da rani ɗaukar tumatir ne daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar 'Yan Kaba. Masu kayan duk mutanen Baba ne, ni gado na tarar. Kuma wanda ya san tumatir ya san ba ya jira. Ka isa da sassafe ka sayar da daraja, ka isa da rana ka roƙi a saya.

7/
Abin ya fara ne kamar wasa. Da safe in murɗa makulli, shiru. Ba ƙara, ba ƙwas, ba komai. In mayar in sake murɗawa, sai ta tashi lafiya lau. Na ce sanyin hunturu ne ya kama batir. Na sayi sabon batir. Kwana biyu ta yi lafiya, na uku ta koma halinta.

8/
Sai ta ƙaro sabon salo. Ina tafiya, da na faɗa rami sai injin ya ɗauke na ɗan lokaci kamar an shaƙe shi, sannan ya dawo da wata irin ƙara daga salansa. Wani ya ce datti ne a kafireto. Aka wanke. Wani ya ce famfon mai. Aka canza. Wani ya ce kwayil. Shi ma aka canza.

9/
Duk wanda na je wajensa sai ya faɗi abin da yake sayarwa. Ni kuma ba na cewa a gwada kafin a canza, kunya nake ji kar a ce ban san mota ba. Kuɗin da na zuba a wata biyu sun kai ribar lodi shida. Daga ina na ɗebo su? Daga abin da muke tarawa na aikin idon Baba.

10/
Ban gaya masa ba. Kullum in na dawo zai ce, "Ya tsohuwa?" In ce, "Lafiya lau Baba." Yana zaune a soro da rediyonsa, ba ya ganin fuskata sosai, ni kuma na fake da hakan. Wallahi ko yanzu in na tuna sai na ji wani iri.

11/
Sai ranar da abin ya faru. Na ɗauko kwando 22 na wani dattijo da ya fi shekara ashirin yana ba Baba kaya. An idar da asuba, gari bai gama wayewa ba. Na wuce Kura, na doso gadar Tamburawa, wata tirela tana bayana tana ta danna mini hon.

12/
Na taka wani ɗan rami. Ɗif! Injin ya mutu. Ba tari, ba jijjiga, kawai ya mutu. Mota da lodi tana gangarawa, tirela ta cika madubi. Na taka birki sau ɗaya ya kama, na biyu ya kama, na uku sai na ji kamar dutse nake takawa.

13/
Daga baya na fahimci dalili. Akwai wata tukunya a bayan fedar birki da ke taimaka wa ƙafarka, kuma da zuƙar iskar injin take aiki. In injin ya mutu, abin da ya rage a cikinta bai wuce taku biyu ko uku ba. Birkin yana nan, amma sai ka sa ƙarfinka duka.

14/
Na miƙe tsaye a kan fedar ina salati, na karkata gefen titi. Tirelar ta wuce ni da abin da bai fi kamu ɗaya ba, yaron motar ya leƙo ya aiko mini da zagin da na cancanta. Na fi minti goma a zaune hannuna na rawa a kan sitiyari.

15/
Daga nan fa ta ƙi tashi. In na murɗa makulli har ƙarshe sai ta kama, da na sake shi sai ta mutu. Na yi haka har na gaji. Rana ta fito, ta ɗaga, ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙasan bodi. Sai wajen sha ɗaya na samu wata mota aka juye kayan.

16/
Mun isa 'Yan Kaba kasuwa ta riga ta faɗi. Dattijon ya duba kwandunan ɗaya bayan ɗaya, bai ɗaga murya ba, bai ce in biya ba. Cewa kawai ya yi, "Allah Ya tsare gaba. Ka gaida Babanka." Da ma zagina ya yi. Washegari ya ba wata motar lodinsa.

17/
Kafin a ja motar, wani mai gyara a wurin ya ce, "Oga, bari in yi maka dayarek. Mu tsallake suwic ɗin, in sa maka ɗan makunni da maɓalli, minti goma ka wuce." Saura kaɗan in yarda. Rashin kuɗi a aljihu ne kawai ya hana ni, ba hankali ba.

18/
Da daddare na zauna gaban Baba na faɗa masa komai, har da kuɗin. Ya yi shiru ya daɗe. Ban taɓa jin tsawon shiru irin wannan ba. Sannan ya kashe rediyo ya ce, "Da ta mutu, jajayen fitilun nan na gabanka, na batir da na baƙin mai, sun kama?"

19/
Na rufe ido na tuno. Fitilun gaba suna haska titi, wannan na tabbata. Amma dashbod baƙi ƙirin yake, ko ɗigon ja babu. Na ce, "Ba su kama ba Baba." Ya ce, "To ba mai ba ne. Wuta ce ta ɗauke. Miƙo mini makullin."

20/
Na zuba masa tarin a tafin hannu. Ya auna nauyinsu, ya lalubi kowanne da yatsa har ya kai kan nasa. Bai ce uffan a kai ba. Ya ce, "Ina igiyar?" Na ce tana cikin durowa. Ya ce, "Gobe ka kai ta wajen mai rewaya. Kada ka bari a canza komai sai an gwada a gabanka."

21/
Ga hikimar tambayar Baba, don ita ce zuciyar zaren nan. In mai ya yanke ko kafireto ya toshe, injin zai mutu amma makulli yana kan kunne, don haka jajayen fitilu za su kama. In suka ƙi kamawa alhali fitilun gaba na ci, to wutar da ke bi ta suwic ce ta yanke.

22/
Wata uku ina kallon dashbod ɗin nan, amsar tana gabana, ban gani ba. Mutumin da ba ya iya karanta lambar waya ya gano ta daga soro da tambaya ɗaya. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Da nake jin karin maganar, ban san har da mai yanar ido ba.

23/
Mai rewayar dattijo ne, abokin Baba tun zamanin tasha. Da na fara jero masa abubuwan da aka canza sai ya ɗaga hannu. "Yaro, ba tarihin kashe kuɗinka na tambaye ka ba. Me take yi, yaushe take yi?" Na faɗa masa. Ya ce yaronsa ya kawo mita da ƙwan gwaji.

24/
Ya fara da batir. Mota a kashe, mita ta nuna 12.6. Ya ce cikakken batir ke nan, kuma mai yiwuwa wanda na cire ma lafiyarsa ƙalau. Ya girgiza kawunan batir, a ɗaure suke. Ya duba fiyus ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ƙone. Ya ce, "To mu je gaba."

25/
Ƙwan gwaji ba wani abu ba ne, ƙwan fitila ne da waya biyu. Ya maƙala ɗaya a jikin ƙarfen mota, ɗaya a kan kwayil, wajen da wuta ke shiga. Ya ce in kunna makulli kada in tayar. Ƙwan ya kama. Ya ce, "Yanzu kaɗa makullan nan naka kamar ka shiga rami."

26/
Na taɓa su kaɗan. Ƙwan ya yi ƙyaf-ƙyaf. Na ɗan ja su ƙasa, ya mutu ɗungurungum, jajayen fitilun dashbod ma suka ɗauke tare da shi. Na ɗaga, suka dawo. Sau biyar ina yi. Ciwon da ya cinye mini ribar lodi shida, ga shi ina kunna shi ina kashe shi da yatsa ɗaya.

27/
Amma bai yanke hukunci ba tukuna. Ya ce wayar da ta saki a hanya ma za ta iya yin haka. Ya kwance rigar sitiyari, ya fito da wayoyin bayan suwic. Ya ce a nan abu uku ne ya dame mu: mai kawo wuta daga batir, mai kai ta kwayil da dashbod, da mai zuwa kik.

28/
Ya ce a zanen wayoyin motoci da yawa za ka ga an sa musu lamba: 30 ita ce mai zuwa daga batir, kullum da wuta. 15 ita ce mai samun wuta in ka kunna. 50 ita ce mai tayar da kik, sai ka murɗa har ƙarshe. Aikin suwic kawai ya haɗa 30 da sauran a lokacin da ya dace.

29/
Ya ɗora ƙwan a mai shigowa, na kaɗa makulli, haske bai motsa ba. Ya mayar a mai fita, na kaɗa, ya ɗauke. Wuta na shiga lafiya, ba ta fita lafiya, kuma tsakaninsu babu komai sai suwic. Ya ce, "Ka ga ɓarawonka." Duka-duka gwajin bai kai minti ashirin ba.

30/
Sai ya ce in taɓa bayan suwic ɗin. Zafi! Ga robar wajen ta narke gefe guda, ga wani wari kamar an ƙona leda. Na sha jin warin nan a mota, ina cewa daga waje ne. Makullin ma na sha jin ɗuminsa in na zare, na ɗauka zafin rana ne.

31/
Ya bi wayar da yatsa har ya kai kan salatif ɗin yaron nan. Ya warware, ga jonin rediyo da caja da fitilu a cukurkuɗe. Ya dube ni ta saman tabarau. "Wa ya yi wannan?" Na ce wani ne. Ya ce, "Wa ya biya shi?" Na yi shiru.

32/
Kafin ya taɓa komai ya cire kan batir na nagetif. Ya ce wayar nan mai lamba 30 kai tsaye take daga batir, in ta taɓa ƙarfe za ta yi ja kafin ka ce kwabo. Ni kuma ya sa na ɗauki hoton wayoyin da wayata kafin a zare su. Wannan kaɗai ne amfanin da na yi a ranar.

33/
Da aka buɗe suwic ɗin na ga abin da na aikata. Kashi biyu ne: gaba inda makulli ke shiga, baya inda wuta ke bi. A bayan akwai 'yan ƙananan tagulla da sifirin ke danna su su haɗu. Nawa sun yi baƙi, sun yi ramuka kamar tsatsa ta ci su, sifirin ɗin ya saki.

34/
Ya yi mini bayani. In tagulla ba ta haɗu sosai ba, wuta na wucewa da ƙyar, wurin ya yi zafi. Zafi ya kashe sifirin, haɗuwar ta ƙara lalacewa, zafi ya ƙaru. Haka abin ke cin kansa. Ni kuma na ɗora masa lodin fitilu da rediyo da ba a yi shi domin su ba.

35/
Ta gaba kuma nauyin makullaina. Kowane rami tsakanin Kwanar Gafan da Kano, suna fizgar makullin ƙasa, suna cin cikin ramin, har ya zama yana iya gocewa daga kan kunne da kansa. Suwic ɗin da ma ya tsufa, gaskiya ne. Amma Baba ya lallaɓa shi shekaru, ni na ƙarasa shi a rani ɗaya.

36/
Kar ku ɗauka matsalar tsofaffin motoci ce kawai. A 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye motoci kusan miliyan 2.6 saboda suwic da ke gocewa daga kunne in makulli ya yi nauyi ko an taka rami. Injin ya mutu, jakar iska ta ƙi buɗewa. An biya diyyar rayuka 124.

37/
Shawarar da kamfanin ya ba masu motocin kafin a gyara musu ita ce su cire komai daga jikin makullin, su bar shi shi kaɗai. Abin da Baba ya gaya mini ke nan a soro da igiyar fatarsa, na kira shi camfi.

38/
Na tambayi mai rewaya maganar dayarek. Ya ce a cikin suwic ɗin akwai ƙarfen da ke kulle sitiyari. In ka tsallake wuta ka bar wannan, wata rana za ka tayar da mota ba makulli a ciki, ka zo kwana sitiyari ya ƙulle. Ga gobara in an yi jonin ba fiyus. Ga ɓarawo ka sauƙaƙa masa.

39/
Na ce to a goge tagullar da samfefa mana a mayar. Ya ce zai yi in na matsa, za ta yi sati biyu ko wata, amma sifirin da wuta ta kashe ba ya dawowa. "Kuma ba zan so ranar da za ta sake ɗaukewa ta zama a kan gada ba." Ban sake magana ba.

40/
Muka tafi Ƙofar Ruwa tare. Ya ƙi sabo mai sheƙi da aka fara miƙo mana, ya ce ba shi da nauyi a hannu. Ya zaɓi na asali da aka cire daga wata motar, da makullinsa. Kafin a biya ya sa mita a kansa, ya murɗa kowane mataki yana girgizawa, ya ji yana faɗawa ƙwas-ƙwas.

41/
Ya ɗaura shi, ya yanke wayar da ta ƙone ya sa sabuwa da kan da ya dace. Fitilu da rediyo ya ja musu wayarsu daban daga batir, da fiyus ɗinsu da rile. Yanzu suwic ɗan umarni kawai yake ba rile, rile ke ɗaukar lodin. Duka aikin bai kai kuɗin batirin da na saya a banza ba.

42/
Aka mayar da kan batir. Murɗa ɗaya ta tashi. Ya sa mita, tana caji wajen 14. Ya kama makullin ya girgiza shi da gangan, injin ko gezau. Ya ƙara da cewa kada in taɓa ɗura baƙin mai a ramin makulli, ƙura yake tarawa. In ya yi tauri, a goga masa bakin fensir.

43/
Ga abin da na koya, ku ajiye:
In ka murɗa ka ji ƙwas-ƙwas, fitilu suka dushe: duba batir da kawunansa.
Ƙwas ɗaya, fitilu da haskensu: duba kik.
Shiru, dashbod duhu, fitilun gaba na ci: fiyus, waya ko suwic.
Makulli na ɗumi ko kana jin warin roba: kada ka jira.

44/
In kuma ta mutu maka kana tafiya, kada ka mayar da makulli ƙarshe, kada ka zare shi, sitiyari zai iya kullewa. Kada ka yi ta famfa birki kana ɓarnar ɗan abin da ya rage. Taka sau ɗaya ka riƙe, ka nemi gefe. Kuma ka kalli dashbod, shi zai ba ka labari.

45/
Da na koma gida na ɗauko igiyar fatar daga durowa na ba Baba da sabon makullin. Da lalube ya zura ta, ya ƙulla irin ƙullinsa. Na ce, "Baba ka yafe mini kuɗin nan." Ya ce, "Kuɗi sun tafi. Kai ka dawo. Tayar da ita in ji."

46/
Na tayar. Ya tsaya a bakin ƙofa ya karkata kai yana saurare, ya ce silo ɗinta ya ɗan yi sama, gobe a rage. Ko na gode bai bari na faɗa ba, ya koma wajen rediyonsa.

47/
Aikin idon an ɗaga shi zuwa bayan damina, kuma ni na jawo. Wannan ba abin da zan rubuta da zai goge shi. Dattijon mai tumatir kuwa sai da na yi sati uku ina zuwa gaishe shi kafin ya ce in ɗauki kwando goma a gani. Goma, ba 22 ba. Na karɓa da hannu biyu.

48/
Yanzu makullan shago suna aljihu, na tsohuwa yana kan igiyarsa shi kaɗai. Kai da ke karantawa, leƙa naka ka gani nawa ne a jiki. In kuma da mai irin wannan matsalar a gidanku, tura masa. Ku sa Baba a addu'a, Allah Ya sa a yi aikin a sa'a. Allah Ya tsare mana hanya.